Mutumin Jabo

Kebbe,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga aminiyata Mu'minatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da duk 'yan ɗakinmu. Yaya karatu, yaya fama da sauro? Mu nan da sauƙi, sai dai abin da Allah ya aiko mana.

Na san kin ji, don na hango fuskarki ta taga ranar da Kawu Almu ya zo ya ɗauke ni daga aji. Ki yi haƙuri ban yi miki sallama ba. Ni ma a lokacin ban san komai ba, ce mini aka yi ana nemana a gida. Sai da muka bar Tambuwal muka yi nisa, ya tsayar da babur a gindin wata tsamiya, ya ce in sauko in sha ruwa. A nan ya gaya mini Yaya Siddiƙ ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Abin da aka faɗa wa Baba ta waya shi ne, sun tashi atisaye da safe, shi da mai koya masa, a jirgi mai saukar ungulu. Suna kan teku wani abu ya sami jirgin, ya faɗa ruwa. An ciro su su biyun, amma rai ya riga ya yi halinsa. Can aka yi masa wanka da salla aka binne shi, Baba bai sami zuwa ba saboda nisa. Saura kaɗan ya gama horon.

Ke ba ki taɓa ganinsa ba sai a hoton nan da nake ɓoyewa a ƙasan akwati, wanda Fiddausi ta ƙwace ta zagaya ɗaki da shi tana cewa ta yi miji. Ki gaya mata ban riƙe ta ba, ranar ma dariya na yi ta yi a cikin bargo. A hoton ya ɗaure fuska saboda fararen kayan aikinsa, amma ba haka yake ba. In ya zo hutu rataye su yake yi, ya zura tsohuwar rigar Baba ya bi shanu. Mutanen Kebbe har yau ba su gane aikinsa ba, wai sojan ruwa ne amma jirgin sama yake tuƙawa. Kakarmu Batula, mahaifiyar Inna, wadda ta raine shi a Jabo, angonta take ce masa, kuma duk zuwa sai ta tsokane shi: "Ango, in na ruwa ne kai, mi ya kai ka bisa? Ka zaɓi guda mana!" Ya taɓa kawo mata ruwan teku a cikin gora don ta ɗanɗana. Ta kurɓa ta tofar, ta ce wane marar tsoron Allah ne ya yi ɓarnar gishiri haka, sannan ta hana a zubar, wai za ta sa a miya. A tafkin Jabo da ake shayar da dabbobi ya koyi iyo, ya sha bulala a kan haka. Ina rubuta miki waɗannan ne don ban sami wanda zan faɗa wa ba, kowa a gidan nan addu'a kawai yake yi.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro, Inna ce.

Yaya shi ne ɗan farinta, kuma a danginmu an riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi, ba sama-sama ba kamar yadda kika ce ana yi a gidanku. Tun da aka yaye shi aka kai shi Jabo. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, mutumin Jabo take cewa. In ya zo gaishe ta, a bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta amsa tana kallon faifai. Komai ta kaina yake bi. Ki ce wa mutumin Jabo ga fura nan. Ki ce wa mutumin Jabo hadari ya taso, ya kwashe shanyarsa. In ya bugo wayar Baba ya ce a ba ni, sai in je in zauna kusa da turmi in ƙara muryar wayar, Inna ta rage hannu a tankaɗe. Ya sani sarai. Sai ya yi ta ba ni labarin abin da ya ci da rana da wanda zai ci da yamma, alhali ni ban tambaye shi ba.

Yanzu an shimfiɗa tabarmar makoki a tsakar gida, Kaka ce a kai, an ɗauko ta daga Jabo. Duk macen da ta shigo wurinta take durƙusawa ta yi mata ta'aziyya. Inna tana bakin murhu tana dafa wa baƙi abinci. Ban ga hawaye ko ɗigo a idonta ba. Mata sai yaba ta suke yi, suna cewa Hadijatu akwai kunya, akwai dauriya. Ni kuwa ni nake kai mata kwanonta, kuma yadda na kai haka nake ɗaukowa.

Zan ba Kawu Almu wannan takarda ya bari a bakin ƙofar makaranta. Ki gaishe da Malama Nana, ki ce mata zan dawo bayan sadakar bakwai in Allah ya yarda. Ki sa Yaya a addu'a.

Taki har kullum,
Hafiza Sambo.


Kebbe,
Ranar Litinin.

Aminiyata Mu'minatu,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fata kina lafiya, da su Fiddausi da kowa da kowa. Saƙonki ya iso, na karanta har ya fara yagewa a wurin ninki. Na gode da addu'ar da kuka yi a masallacin makaranta, Allah ya saka da alheri. Ki yafe mini rashin dawowa da na yi alkawari, ga dalili.

Kafin Kaka ta koma Jabo, mutanen wurin aikin Yaya suka zo. Mota biyu, duk sun yi fari fat, yaran unguwa har kan katanga. Babbansu ba ya jin Hausa, sai wani matashi mai suna Uthman, wanda suke ɗaki ɗaya da Yaya, yake yi masa tafinta. Sun zauna da Baba a zaure, suka ba shi akwatin Yaya. Daga nan suka nemi izini su shigo su gaishe da mahaifiyarsa, don akwai hularsa da tuta da za su damƙa mata hannu da hannu.

Da suka shigo babban ya tambaya wace ce mahaifiyar, matan da ke tsakar gida duk suka nuna Kaka. Mu'minatu, ba ƙarya suka yi niyya ba. A wurinsu haka abin yake, babu ma wadda ta waiwaya wajen murhu. Inna ce ta kawo musu ruwa, ta durƙusa ta ajiye, babban ya ɗaga mata kai irin yadda ake yi wa mai aikin gida, ya juya ya miƙa wa Kaka hular da hannu biyu.

Shi Uthman da ya gama tafinta bai tashi ba. Ya matso gaban Kaka, ya ce yana da nasa saƙon. Ya ce Siddiƙ ya sha gaya masa mahaifiyarsa ba ta taɓa roƙonsa komai ba, ba ta ma taɓa kallonsa ido cikin ido ba, amma duk ranar da ya koma daga hutu, in ya buɗe jaka sai ya tarar da ƙullin yaji da dakuwa a can ƙasa, bai san lokacin da aka sa ba. Ya ce duk 'yan ɗakinsu sun ci yajin nan, har waɗanda ba su san inda Sakkwato take ba sun san yajin Mama. Ya ce Siddiƙ ya yi niyyar ranar da za a yaye su ya zo ya ɗauke ta da kansa, ko za ta ƙi kallonsa, ita dai ta zauna a wurin.

Kaka ta ce Allah ya yi masa albarka. Ni na san wadda take daka yajin nan, don ni ake aika in zura shi a jakar in ya fita masallaci. Inna tana bayansu tana tattara kofuna. Ta gama, ta kai su, ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar bakin rumbu, wurin da na share da hannuna da safen nan.

Bayan sun tafi, Kaka ma ta koma Jabo da hular da tutar, gida ya yi shiru. Na zaci in baƙi sun ragu Inna za ta zauna. Sai ma ta ƙara. Ta wanke tukwanen da ba a dafa komai a ciki ba, ta bi matan da ke sussukar gero ta karɓe musu taɓarya. Abinci kuwa loma biyu, in na matsa mata ta ce ta ci a wajen girki. Zanenta yanzu sai ta ƙara masa zagaye kafin ya ɗauru.

Ranar Juma'a ta faɗi a bakin rijiya, guga a hannunta. Allah ya sa baya ta yi, ba gaba ba. Aka kai ta asibiti, suka ce jininta ya hau sosai, aka yi mata ƙarin ruwa. Malamar asibitin ta tambaye ta ko akwai abin da ke damunta, ta ce babu, gajiyar baƙi ce. Malamar ta ja ni gefe ta ce magani kaɗai ba zai yi ba, in aka ci gaba a haka faɗuwa ta gaba ba lalle ta tashi da ƙafafunta ba.

Na yi ƙarfin hali na sami Baba. Ya sunkuyar da kai ya ce uwata ta san abin da ya kamata, in bar ta da haƙurinta. Ban ga laifinsa ba, shi ma ba ya kama sunan Yaya. Amma shi ya zauna a ƙofar gida, mutane sun ba shi hannu, sun ce masa yaya haƙuri, ya amsa. Ita ko mutum ɗaya bai ce mata ba. Shi ne jiya da na kai mata kunu na durƙusa na ce, Inna, yaya haƙuri. Ta dube ni kamar na zage ta, ta ce in je in duba ko an ɗaure awaki.

Ba zan iya barinta haka in dawo ba. Na san ana ta yin gaba a lissafi da kimiyya, kuma shekarar fita ce, amma in na zauna a aji ma ba abin da zai shiga. Ki gaya wa Malama Nana gaskiyar abin da ake ciki. Ki gaishe da duk wanda ya tambaye ni.

Ƙawarki,
Hafiza.


Kebbe,
Ranar Asabar.

Zuwa ga Mu'minatu,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, kuma zazzaɓin da kika ce kin yi ya sauka. Don Allah ki riƙa shiga gidan sauro, ki bar cewa zafi. Inna tana shan magani, amma jiki sai a hankali.

Shekaranjiya na wuce ta bayan makarantarmu, har na hango rufin ɗakin cin abinci. Kawu Almu ne ya je Tambuwal sayen maganin Inna, na roƙe shi ya tafi da ni ya sauke ni a Jabo. Na ce masa Kaka nake marmari. Gaskiyar ita ce na yi ta tunani na ga mutum ɗaya ne zai iya ce wa Inna ta zauna ta zauna, ita ce wadda ta haife ta.

Kin san ni. Kin tuna ranar muhawara da na miƙe na ce "Malam alƙali" sau biyu na koma na zauna. Tun daga Kebbe nake shirya magana a kan babur, na jera ta tsaf, muna shiga Jabo ta watse.

Na sami Kaka a ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, ta miƙe ƙafafu saboda ciwon gwiwa. Hular Yaya tana rataye a ƙusa a saman gadonta, ta lulluɓe ta da ɗankwali don ƙura. Tana ganina ta ce ga 'yar boko, an kore ki ne ko kin gama sanin komai. Ta tura mini gyaɗa ta ce in kama, ba a zama banza a ɗakinta. Muka yi zancen girbi, muka yi zancen tunkiyarta da ta haifi biyu, muka yi zancen maƙwabciyarta da ta ce tana satar mata ƙwai. Har aka kira azahar ban ce komai ba. Bayan mun idar ta dube ni ta ce, wanda ya sha hanyar Kebbe a kan babur ba don tunkiya ya zo ba, in faɗi abin da ke bakina.

Na kafa ido a kan ɓawon gyaɗa na faɗa. Ban san yadda na jera ba. Na ce Inna ba ta ci, ba ta barci sosai, ta faɗi a bakin rijiya. Na faɗi abin da malamar asibiti ta ce. Na ce tun da aka yi rasuwar ba wanda ya yi mata gaisuwa, kuma ga sadakar arba'in tana zuwa, za a sake shimfiɗa tabarma ita tana bakin wuta. Na ce ina roƙo a bar ta ta zauna, ko na yini ɗaya ne.

Ban taɓa ganin Kaka ta ɓata rai da ni ba sai ranar. Ta ture faifan gyaɗar. Zan rubuta miki yadda ta faɗa, don har yanzu yana kunnena. "Ke 'yar boko, tun yaushe munka fara aiko yara su koya muna zaman duniya? Kin san ko wa kike yi man magana a kanta? Ta Kebbe ita ce ta fari gare ni. Da anka yaye ta, uwar mijina ta ɗauke ta. Ranar da anka kai ta ɗakin ubanki ina bayan gida ina daka. Ban taɓa zama tabarma guda da ita ba, ban taɓa kama sunanta ba. Ga ni nan, ban mutu ba."

Mu'minatu, tun ina ƙarama nake jin Kaka tana cewa ta Kebbe, ta Kebbe, ban taɓa tsayawa na yi tunani ba. Na san Inna ce babba a ɗakinsu, amma ban haɗa ba. Ashe na je ne ina roƙon mace ta nuna tausayin 'yar farinta a gaban jama'a, abin da ita ma ba ta taɓa yi ba tun kafin a haifi Yaya. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Na ce ta yafe mini. Ta jawo faifan ta ci gaba da ɓara, hannunta yana kuskure, tana jefa ƙwaya cikin ɓawo. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ta san ba ita ta daka yajin nan ba, ba sai wani ya gaya mata ba.  Da Kawu ya dawo ta ƙulla daddawa da kuka ta ba ni, ta ce mu kama hanya tun rana ba ta yi sanyi ba. Ko a gaida mutanen gida ba ta ce ba.

Ina ganin ɓata abin na yi. Da ban je ba, aƙalla Kaka ba ta fushi da ni. Inna ba ta san abin da ya kai ni ba, ta karɓi daddawar ta shinshina ta ce ta yi kyau, ta adana. Yau ma kunun safe rabi ta sha.

Idan abin ya ci gaba haka zan roƙi Baba in haƙura da wannan zangon gaba ɗaya. Kada ki gaya wa kowa tukuna. Ki taya ni da addu'a, ita kaɗai ta rage mini.

Taki,
Hafiza.


Kebbe,
Ranar Laraba.

Aminiyata Mu'minatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki gaisuwa ta musamman, ina fata kin warware sarai, kuma kowa yana lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwa nake yi, kuma sauri nake kada Kawu ya tafi.

An yi sadakar arba'in ranar Lahadi. Kaka ta iso tun jajibiri, ta amsa gaisuwata a taƙaice, ko 'yar boko ba ta ce mini ba. Da safe aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki, ta zauna. Inna kuwa tun da aka idar da asuba ta ɗora babbar tukunya, duk da malamar asibiti ta hana ta tsayuwa a gaban wuta. Har ta yi talge ta fara tuƙi lokacin da baƙin farko suka shigo, wasu danginmu ne daga Dogon Daji. Suka durƙusa gaban Kaka suka yi mata ta'aziyya. Ba ta amsa ba. Suka sake, a zatonsu ba ta ji ba. Sai ta yafito ni ta ce, "Ki ce ma ta Kebbe ta aje muciya."

Na je na faɗa. Inna ta zaci tuwon ne bai yi ba, ta ce in ce yanzu zai yi, ta ci gaba da tuƙi.

Sai Kaka ta dafa bango ta miƙe. Kin san tsakar gidanmu ba wani faɗi gare ta ba, amma da gwiwoyin nan nata ta daɗe kafin ta ƙetare, kuma ba wadda ta yi motsi. Ta isa bakin murhu ta kama muciyar. Inna ba ta saki ba da farko, suka tsaya su biyu riƙe da ita, kowacce tana kallon tukunya. Daga baya Inna ta saki. Kaka ta zauna a kujerar, ta gyara zane, ta soma tuƙi. Da tukunyar ta yi magana, amma kowa ya ji: "Ni raino na yi. Wadda ta haihu ga ta nan tsaye, ku gaishe ta."

Goggo Tambaya, yayar Baba, ta ce haba Batula, ai ba a yin haka. Kaka ta ce to yau an yi, in da zunubi a rubuta mata, ita dai Tambaya ta zo ta danne mata tukunya tun da bakinta kaɗai ke aiki tun safe.

Inna tana tsaye, hannunta duk gari, tana dube-duben abin da za ta ɗauka. Tsintsiya tana nesa, kwanuka an wanke. Ban san inda na sami ƙarfin ba, na kama gefen mayafinta na ja a hankali, ta biyo ni kamar ƙaramar yarinya. Ta zauna a can bakin tabarmar, rabin jikinta a ƙasa. Babbar cikin matan Dogon Daji ta matso, ta kama hannunta da garin da komai, ta ce, "Hadijatu, yaya haƙurin ɗanki?"

Inna ta buɗe baki za ta amsa, abin da ya fito ba magana ba ce. Ban taɓa jin irin wannan sauti daga bakinta ba, kuma ba zan iya kwatanta miki ba. Ta kifa kai a cinyar matar. Sauran suka zagaye ta, ni ma na zauna a bayanta na yi nawa, wanda ashe ban gama ba. Kaka ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. Tana ta tuƙi tana faɗa da wanda ya saro ɗanyen itace.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wasu tsofaffi sun tashi da wuri, na ji ɗaya tana cewa a zaure zamani ya lalace tun da har Batula ta karya al'ada. Goggo Tambaya ma har yanzu tana kumbure-kumbure. Amma duk wadda ta shigo bayan nan, ta ga mai zaune a tabarma, wurinta ta nufa. Har la'asar Inna tana karɓar gaisuwa, tun ba ta iya amsawa har ta fara cewa alhamdulillahi.

Tuwon kuwa, Allah ya ba mu haƙuri, gudaji ne zalla, don Kaka ba ta da ƙarfin tuƙa tukunya irin wannan. Baba ya aiko daga zaure a tambaya wa ya yi wannan aiki, da aka ce surukarsa ce ya cinye bai ƙara magana ba. Kaka ta zuba malmala biyu a kwano ta ba ni, ta ce in kai ma ta Kebbe, kuma kada in dawo mata da saura. Inna ta cinye tas.

Washegari Kaka ta koma Jabo. Da za ta hau babur ta ce mini in koma makaranta, ta gaji da ganin 'yar boko tana yawo a gari. Inna ta tsaya daga cikin zaure, ba su yi sallama ba. Ba zan ce miki ta warke ba. Tana shan magani, wani lokaci kuka yakan zo mata tana tsakar wanke-wanke, sai ta ajiye kwanon ta bari ya wuce. Amma tana ci, jiya har ta ce miyata ba gishiri. Baba ya ce Kawu zai dawo da ni ranar Lahadi. Don Allah ki karɓo mini katifata daga wurin Fiddausi, kuma ki shirya, duk abin da aka yi a lissafi ke za ki koya mini.

Abu ɗaya ya rage da nake so ki sani. Jiya da yamma muna tsince wake mu biyu, ba tare da na tambaye ta ba, Inna ta fara ba ni labarin ranar da aka yaye mutumin Jabo. Ta ce ƙanwar Kaka ce ta zo ta goya shi ta nufi tasha. Ita kuma aka ce ta shiga ɗaki, kada a ga tana kallo. Sai ta ɗauki igiya ta ce za ta itace. Ta bi ta bayan gari, tana hango su daga nesa, har tasha, ta laɓe a bayan wata kuka har motar ta cika. Da ta dawo gida hannu wofi, uwar Baba ta tambaye ta ina itacen, ta ce duk a jiƙe ta same su. A tsakiyar rani, Mu'minatu. Ta ce tsohuwar ta dube ta kawai ta kau da kai. Da Inna ta zo nan a labarin har ta ɗan yi dariya.

Sannan ta ce lokacin da motar za ta tashi, ya juyo da kai daga cikin goyon wajen kukar, ba ta sani ba ko ya gan ta. Na ce ya gan ki, Inna. Ban sani ba ko gaskiya na faɗa, amma ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tsintar wake.

Allah ya jiƙan Yaya Siddiƙ, ya sa ya huta. Ki gaishe da Malama Nana da duk 'yan ɗaki.

Taki mai ƙaunarki,
Hafiza Sambo.